Wayar da Ba Ta San Tsadar Caji Ba

Cikin dukan kayan zamani da suka shigo ƙasar Hausa, tun daga jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911 har zuwa rediyo da talabijin, ban san wani abu da ya ratsa birni da ƙauye da sauri, ya kuma zauna daram a cikin rayuwar mutane, kamar wayar hannu ba. A watan Agusta na 2001 ne kamfanonin Econet da MTN suka fara sayar da layi a Nijeriya, bayan kowannensu ya biya dala miliyan 285 kuɗin lasisi, kuma a wancan zamani sai attajiri ko babban ma'aikaci ake gani da waya. Amma yau da ita falke yake jin farashin hatsi a Dawanau kafin ya ɗaura kaya, da ita ɗan ci-rani yake aika wa mahaifiyarsa kuɗi daga Ikko, da ita ɗalibi yake sauraron karatun malaminsa, da ita kuma ake kiran mai mota tsakar dare idan naƙuda ta tsananta. Duk da bambancin waɗannan mutane, akwai kuka guda da ya haɗa su, shi ne kukan caji. Kowa ka taɓa sai ya ce batirinsa ba ya riƙe wuta. Wani ya ɗora laifin a kan wanda ya sayar masa da wayar, wani ya ce jabun caja ce ta kashe masa batir, wani ya ce zafin gari ne. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zantuka yana da ƙamshin gaskiya, sai dai akwai wani sababi babba wanda ya ɓuya ga akasarin jama'a domin ba a ganinsa da ido, shi ne yadda waya take zaɓar hanyar da za ta bi ta yi magana da duniya. Ra'ayina shi ne an gina wannan zaɓi a kan son sauri kaɗai, ba tare da an yi la'akari da tsadar wuta ba, kuma mu da muke sayen caji da kuɗi mu ne muka fi kowa ɗanɗana kuɗar wannan gini, saboda haka mu ya kamata mu fi kowa neman a gyara shi.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin ƙanƙantar guzurin da ke cikin batir. Waɗanda suka riski Nokia 3310, wadda ta fito a shekarar 2000, suna tuna yadda take shafe kwanaki ba ta nemi caji ba, alhali batirinta mAh 900 ne kacal, kuma masu ita sun ce tana iya wuce kwana goma a kunne idan ba a yi kira da ita ba. Wayoyin yau da ake rubuta mAh 5000 a jikin kwalinsu sun ninka wancan batir fiye da sau biyar, amma da ƙyar suke kai mai su daga asuba zuwa isha. Idan aka auna wutar da ke cikin irin wannan babban batir, ba za ta iya riƙe tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 na minti ashirin ba. Da wannan ɗan abin ne waya take haskaka fuskarta, take sarrafa hoto da sauti, take kuma ciyar da rediyoyin da ke cikinta, gama kowace waya ta zamani tana ɗauke da rediyo fiye da ɗaya: akwai wanda ke magana da turken sabis ta hanyar 2G ko 3G ko 4G ko 5G, akwai na Wi-Fi, akwai na Bluetooth, akwai kuma mai sauraron taurarin ɗan Adam domin sanin wuri. Fuskar waya ita ce ta fi cin wuta muddin ana kallonta, wannan babu jayayya. Amma da zarar an mayar da waya aljihu, fuska ta mutu, to waɗannan rediyoyi su ne suka rage a farke, kuma a hannunsu hukuncin sauran cajin yake.

Illa ta farko da ke sa waɗannan rediyoyi cin wuta ita ce nisa. Manomin da ke kiran ɗansa a kunya ta kusa ba ya buƙatar ɗaga murya, amma idan yaron yana can ƙarshen gona, ga iska tana kaɗawa, dole ya buɗe maƙogwaro, ya maimaita kiran sau biyu ko uku, ya kuma tsaya ya kasa kunne kafin ya tabbata an ji shi. Haka waya take da turken sabis. Turke ne yake umartarta ta rage ƙarfi ko ta ƙara, gwargwadon yadda yake jinta. A tsarin 3G ana yin wannan gyara har sau 1,500 a cikin sakan guda. A tsohon tsarin 2G ƙarfin da waya ke fitarwa yana iya kaiwa wat 2, a 4G kuwa iyakarsa wajen kashi ɗaya cikin biyar na wat. Kuma asarar ba ta tsaya ga ɗaga murya ba, domin idan sabis ya yi rauni saƙo yana tafiya a hankali, wani ɓangarensa ya ɓace a hanya a sake aika shi, sai ya zama rediyon ya daɗe a kunne a kan aikin da zai gama cikin ƙiftawar ido da yana kusa da turke. A shekarar 2010 wasu masu bincike na Jami'ar Maryland a Amurka da na cibiyar binciken Microsoft a Indiya suka auna wannan al'amari a biranen ƙasashen biyu, suka tarar wutar da ake kashewa wajen aika adadi guda na data tana iya ninkawa har sau shida idan sabis ya raunana. Ma'anar wannan ita ce, 'yan sandunan nan da ke saman fuskar waya, waɗanda muke dubawa domin mu san ko kira zai shiga, su ne kuma suke bayyana farashin da batir zai biya a kan kowane saƙo.

Illa ta biyu ta fi ta farko ɓuya, ta kuma fi ta ban mamaki. Idan waya ta aika ɗan saƙo ta turken sabis, rediyonta ba ya komawa barci nan take. Yana zama a farke da cikakken shiri na wasu sakanni, ko wani saƙon zai biyo baya, domin sake ƙulla magana da turke yana ɗaukar lokaci, yana kuma ɗora wa turken nauyi. Wasu masana na Jami'ar Massachusetts da ke Amherst sun auna wannan zaman jira a 2009, suka ga a tsarin 3G yana kaiwa wajen sakan goma sha biyu, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na wutar da aika saƙo na yau da kullum yake ci, a cikin wannan jiran take tafiya bayan an riga an gama aikin. Bayan shekara uku, a 2012, masu bincike na Jami'ar Michigan tare da na kamfanin AT&T suka yi irin wannan awo a kan 4G, suka sami jira na sama da sakan goma sha ɗaya, suka kuma nuna cewa a irin amfanin da mutane ke yi da waya, 4G na wancan lokaci yana iya cin wuta ninkin ta Wi-Fi har sau 23. Tun daga lokacin an yi gyare-gyare da yawa, an koya wa rediyo yin gyangyaɗi a tsakanin saƙonni, don haka waɗannan alƙaluma na zamaninsu ne. Amma asalin illar tana nan. Saƙo ɗari ƙanana waɗanda suka zo a warwatse, kowanne ya tashi rediyo daga barci, sun fi cin wuta a kan saƙo guda babba wanda ya ninka su nauyi. Duk wanda yake cikin zaurukan WhatsApp goma ko ashirin, na dangi da na 'yan makaranta da na 'yan kasuwa da na masallacin unguwa, ya san yadda saƙonni ke ɗigowa ɗaya bayan ɗaya tun daga sallar asuba. Ga kuma manhajojin kyauta da ke janyo talla a ɓoye, waɗanda wani bincike na Jami'ar Purdue a 2012 ya nuna cewa a wasunsu kashi 65 zuwa 75 cikin 100 na wutar da suke ci, a kan harkar talla take ƙarewa.

Illa ta uku ita ce ta fi shafarmu, wato neman sabis a inda babu shi. Wanda ya saba bin dogayen hanyoyinmu, ko ta Birnin Gwari ko wasu sassan hanyar Damaturu zuwa Maiduguri, ya san abin da nake nufi: ka shiga mota da waya cike, ba ka kira kowa ba, ba ka buɗe komai ba, amma can tsakiyar tafiya sai ka ji ɗumi a cinyarka, ka zaro wayar ka tarar bayanta ya yi zafi, caji ya zube, a saman fuskarta kuma alamar 4G tana komawa H, ta koma E, ta ɓace gaba ɗaya, ta sake dawowa. Abin da ke faruwa shi ne wayar tana bin tashoshi ɗaya bayan ɗaya tana lalube, duk turken da ta ji ƙamshinsa sai ta yi ƙoƙarin gabatar da kanta gare shi da iyakar ƙarfinta, kafin su gama gaisawa mota ta wuce, ta koma lalube. Mutanen Borno da Yobe sun ga wannan a 2013 lokacin da aka rufe sabis bayan kafa dokar ta-ɓaci, mutanen Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna kuma suka gan shi daga watan Satumba na 2021, lokacin da mutum zai yi tafiya mai nisa ko ya hau tudu domin ya sami sanda ɗaya ya ji lafiyar iyalinsa. Mazauna bakin iyaka, kamar Illela da Birnin Ƙonni, ko Jibiya da hanyar Maraɗi, ko Kamba da Gaya, suna da nasu nau'in wahalar, domin wayarsu tana jin turakun ƙasa biyu, tana kai gwauro tana kai mari a tsakaninsu. A kan wannan kuma sai a ƙara al'adarmu ta riƙe layi biyu a waya guda, wadda ba don ƙawa muka ɗauke ta ba, sai don wani kamfani ya fi ƙarfi a gida, wani a kasuwa, wani kuma ya fi arahar data. Kowane layi dole waya ta riƙa sauraron turkensa, kuma idan ɗaya ba shi da sabis a inda kake, neman da ake yi masa yana cin guzurin duka biyun.

To, wa ya tsara wa waya yadda za ta zaɓa? Ƙa'idojin fasahar suna fitowa ne daga ƙungiyar 3GPP wadda aka kafa a 1998, kamfanonin sadarwa su ke jera wa waya tsarin da za ta fifita, masu ƙera waya kuma su sa nasu hannu. Abin da aka saba tarar da shi a sabuwar waya shi ne ta fifita tsari mafi sabunta, ta manne masa muddin tana jin ɗuriyarsa, ko da akwai wani tsohon tsari mai cikakken ƙarfi a gefenta. Ba na zargin waɗannan injiniyoyi da mugun nufi, domin kowa da irin duniyar da ya sani yake yin ƙiyasi. Mutumin da ke da soket a gefen gadonsa, da wani a ofis, da wani a mota, da wani a jirgin ƙasa, mutuwar batir a wurinsa ɗan tsaiko ne, jinkirin buɗewar bidiyo kuwa babban aibi ne, don haka ya fifita sauri. Amma Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa 'yan Nijeriya miliyan 85, wato kashi 43 cikin 100 na jama'a, ba su da wutar gwamnati sam, waɗanda ke da ita kuma sun san yadda take zuwa. A watan Oktoba na 2024 akasarin jihohin Arewa sun kwashe fiye da mako guda cikin duhu bayan an lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, layin Ugwuaji zuwa Apir kuma ya faɗi. A Nijar, wadda a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta daga Nijeriya take zuwa, an yanke wutar a watan Agusta na 2023 bayan juyin mulki, aka shafe watanni a haka.

Wanda yake son ya ga matsayin caji a wurinmu, ya tsaya a rumfar mai cajin waya ranar kasuwar ƙauye. Zai ga allon katako an jera masa soket sahu-sahu, igiyoyin caja sun sarƙe da juna, wayoyi birjik manya da ƙanana, kowacce an liƙa mata 'yar takarda mai lamba a baya, an ba mai ita rabin takardar ya riƙe, janareta kuma yana ta kuka a bayan rumfa ko faifan sola yana kan rufi. Zai ga yaro ya zo da wayoyi uku a leda, ta mahaifiyarsa da ta kishiyarta da ta kakarsa, ya ƙirga kuɗi ya miƙa, ya tsuguna yana jira. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin wannan caji ya hau, kamar yadda komai ya hau. Matar da ta aiko yaron nan ta sayi wutar da ke cikin batirinta kamar yadda take sayen gishiri da kalanzir, kuma a ƙauyen da take, turke yana nesa, sabis sanda ɗaya ne ko biyu. Wato wadda ta fi kowa biyan tsadar caji ita ce kuma wayarta ta fi ta kowa ɓarnatar da shi, ba don wani laifi nata ba. Wannan shi ne abin da ya sa nake ganin maganar ta wuce ta gwanintar fasaha, ta shiga babin adalci.

Malaman usulu sun daɗe da koya mana cewa bukatun ɗan Adam ba daraja ɗaya suke ba. Imamu Shaɗibi, malamin Garnaɗa ta Andalus wanda ya rasu a shekara ta 790 bayan Hijira, ya yi dogon bayani a cikin littafinsa Muwafaƙat a kan martabobi uku na maslaha: abin da yake larura, wanda rayuwa ba ta tsayuwa sai da shi, abin da yake bukata, wanda rashinsa ke jawo ƙunci, da abin da yake kyautatawa ne da ƙawa. Ina ganin babu mizanin da ya fi wannan dacewa da abin da ke kai-kawo a cikin waya. Kiran asibiti da saƙon banki da ke tabbatar wa ɗan kasuwa kuɗinsa sun shiga kafin ya saki kaya, waɗannan larura ne, a aika su nan take ta kowace hanya, ko nawa za su ci. Saƙon murya da hoton kaya bukata ne, suna iya jiran minti ɗaya ko biyu a tara su a aika tare. Sabunta manhaja, da kwafe hotuna zuwa ma'ajiyar intanet, da saukar da bidiyon da wani ya turo zaure, waɗannan suna iya jira har waya ta zo kusa da turke, ko ta sami Wi-Fi, ko a jona ta da wuta. Wayar da ta san wannan bambanci, kafin ta tashi rediyonta za ta duba nauyin abin da za ta aika, da gaggawarsa, da hanyoyin da ke gabanta yanzu da waɗanda take sa ran samu nan gaba kaɗan, sa'an nan ta zaɓi mafi sauƙin wuta wadda za ta biya bukata. Wayar da ta daidaita su duka, ta kashe wa ƙawa abin da ya kamata a adana wa larura, ta yi israfi da dukiyar da aka ba ta amana.

Kada a ɗauka wannan mafarki ne, domin an daɗe da sanin hanyarsa, an kuma aiwatar da wani sashe. Tun a 2006 masu bincike na kamfanin Intel suka gwada tsarin da ke sauya waya tsakanin Wi-Fi da Bluetooth gwargwadon nauyin aiki, a 2007 kuma wasu a Jami'ar Rice da ke Houston suka nuna cewa waya tana iya gane inda take ta hanyar turakun da take ji, ta tuna ko ta taɓa samun Wi-Fi a wurin, don kada ta ɓata wuta wajen neman abin da babu. Android ta ba masu manhaja hanyar jinkirta aiki har sai an sami Wi-Fi ko caji a 2014, a 2015 kuma ta kawo tsarin Doze, wanda ke tara ƙananan saƙonni idan waya tana ajiye ya sake su lokaci guda. Da Apple ya fitar da iPhone 12 a 2020, wayarsa ta farko mai 5G, sai ya sa ta riƙa komawa 4G da kanta idan aikin da ake yi bai bukaci saurin 5G ba. Dalili kuwa shi ne akasarin 5G da aka fara kafawa a duniya a kan kafaɗar 4G yake tsaye, sai waya ta riƙe hanyoyin biyu a lokaci guda. Wannan ya shafe mu kai tsaye tun da MTN ya buɗe 5G a 2022, da Kano da Maiduguri cikin biranen farko, Airtel kuma ya biyo baya a 2023. Abin da ya rage shi ne, mafi ingancin wannan hikima yana cikin wayoyi masu tsada, an kuma auna ta da rayuwar mutanen da ke fita daga Wi-Fi na gida su shiga na ofis.

A nan ne nake saɓa wa nasihar da aka saba karantawa, wadda ke cewa ka yi amfani da Wi-Fi ka huta. Nasiha ce ta gaskiya ga wanda yake da shi, amma gida nawa ne a Gumel ko Tasawa ke da Wi-Fi? Wanda ya bar shi a kunne alhali babu inda zai kama, ƙarin lalube kawai ya ɗora wa wayarsa. Zaɓin da ke gabanmu na daban ne: tsakanin layi da layi, tsakanin 4G mai rauni da 3G mai ƙarfi, tsakanin yanzu da anjima, tsakanin cikin ɗaki mai rufin kwano da tsakar gida. Kuma jama'armu, ba tare da sun karanta binciken kowa ba, sun riga sun gano wani ɓangare na amsar. Matasan da ke tura wa juna fim da karatu ta Xender, da masu shagunan tura fina-finai da wa'azi a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano da takwarorinta a kowane gari, suna ɗauko abu sau ɗaya daga nesa, sa'an nan su raba shi ta gajeriyar hanya, daga waya zuwa waya ko daga kwamfuta zuwa waya. Tsadar data ce ta koya musu, amma tattalin ya haɗa har da na batir.

Haka kuma ban yarda da masu cewa a koma 2G a zauna ba. Ga wanda kira da gajeren saƙo kaɗai yake yi, a wurin da 2G ya fi ƙarfi, wannan daidai ne. Amma wanda zai saukar da abu mai nauyi, 4G mai ƙarfi zai gama masa cikin sakanni rediyo ya koma barci, alhali 2G zai riƙe shi a farke minti da minti, ya ci fiye da abin da aka so a adana. Ga shi kuma tsaron 2G ya tsufa, har Android ta ba da damar kashe shi gaba ɗaya tun daga 2021, wasu ƙasashe kuma sun fara rufe tsofaffin tsare-tsare, kamar yadda manyan kamfanonin Amurka suka rufe 3G a 2022. Hukunci a nan yana bin illarsa ne, yana sauyawa da sauyawar wuri da aiki, shi ya sa ba zai yiwu a ɗora wa tsohuwa a ƙauye nauyin shiga saitin waya sau goma a yini ba. Na'urar ce ya kamata ta ɗauki wannan nauyi. Sharaɗi guda nake gindayawa: wayar da za ta koyi inda mai ita yake kwana da inda yake yini domin ta san inda sabis ke da ƙarfi, ta riƙe sirri ne babba, kuma wajibi ne wannan sani ya tsaya a cikinta, kada a kwashe shi zuwa wani kamfani da sunan tattalin batir. Dokar kare bayanan jama'a da Nijeriya ta kafa a 2023 ta ba da madogara a kan haka.

Kafin masu ƙera waya su waiwaye mu, akwai abin da ke hannun mai waya. Idan ya san hanyar da zai bi babu sabis, ya danna alamar jirgin sama har ya isa gari, zai sauka da cajinsa. Layin da ba ya kamawa a unguwarsu ya kashe shi daga saiti har ya fita. Idan 5G ko 4G yana zuwa yana ɗaukewa a inda yake zaune, ya tsayar da wayar a kan tsarin da ya tabbata. Ya hana WhatsApp saukar da bidiyo da kansa, ya tara manyan abubuwan da zai saukar har ya je inda sanduna suka cika. Amfanin wannan ya wuce na yini guda, domin batirin lithium yana da adadin cikawa da ƙarewa da aka ƙaddara masa; Apple ya daɗe yana cewa batirin tsofaffin wayoyinsa yana riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cika da ƙarewa 500, yana kuma gargaɗin kada a yi aiki da waya a zafin da ya wuce digiri 35. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin watan Afrilu yana haura digiri 40 a inuwa, waya mai fama da raunin sabis kuma tana ƙara nata zafin a kan na gari. Duk cajin da ya tafi a banza yana matso da ranar da batir zai kumbura a nemi sabo.

Amma babban nauyi yana kan waɗanda ke da iko. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen, mai Tecno da Itel da Infinix, ya mamaye kasuwar Afirka ne domin ya zauna ya dubi halinmu, ya kawo waya mai layi biyu, da kyamarar da ke fitar da baƙar fata da kyau, da babban batir. Ƙara girman batir amsa ce mai iyaka, domin babban batir ya fi daɗewa a rumfar mai caji, ya fi nauyi, ya fi tsada. Kamfanin da ya iya waɗancan, ya iya ƙera wayar da za ta gane cewa ta shiga dajin da babu turke ta rage lalube, ta kwantar da layin da ba ya kamawa ta riƙa leƙa shi jifa-jifa, ta kuma tambayi mai ita da Hausa, cikin kalmomin da zai fahimta, ko sauri yake so yau ko kuwa cajin ya kai shi gobe. Kamfanonin sadarwa su ma su sani cewa kowane turke da suka kafa a karkara ya ƙara wa kowace waya da ke kewayensa tsawon rai, kuma domin irin wannan aiki ne dokar sadarwa ta Nijeriya ta 2003 ta tanadi asusun kai sabis ga yankunan da aka bari a baya. Jama'ar gari kuma su tsare turken da ke cikinsu daga ɓarayin man dizal da batura, domin ranar da ya mutu wayoyinsu ne za su koma kiran na nesa. Hukumomin sadarwa, NCC a Nijeriya da ARCEP a Nijar, su ke ba da izinin shigo da kowane samfurin waya. Ina roƙonsu su sa a cikin sharuɗɗan wannan izini a gwada kowace waya da layi biyu a cikinta, a sabis mai rauni, a zafin digiri 40, a rubuta a jikin kwali awa nawa ta yi kafin ta mutu, kusa da adadin mAh da ake bugawa da manyan haruffa, domin mai saye a Farm Centre ko kasuwar Damagaram ya gwama waya da waya a kan halin da zai yi amfani da ita.